Likitar Gawa da 'Yan Kwana-kwana

A duk likitocin babban asibitin garin Ansel, Dokta Irma Sedlak ce kaɗai mara lafiyarta bai taɓa tashi ya yi mata godiya ba. Binciken gawa ne aikinta. Ofishinta yana can ƙarƙashin bene, tsakanin ɗakin wanki da ɗakin injin ruwan zafi, kuma duk wanda ya sauka wurinta da ƙafafunsa, to hanya ya ɓace.

Ba da wannan burin ta shiga makarantar likita ba. Mahaifinta ya ƙare rayuwarsa a bakin tukunyar narka ƙarfe ta kamfanin garin, ita kuwa tun tana ƙarama take son aikin tiyata. Malamanta sun yaba hannunta ƙwarai, sannan suka gaya mata cikin tausasawa cewa babu namijin da zai yarda ya kwanta mace ta yanka shi. Sai ta koma wurin waɗanda ba sa musu. Ba ta yi aure ba, ba ta da yawan magana, tana zaune ita kaɗai a gidan da iyayenta suka bar mata, tana shuka kabeji a bayan gida.

Har zuwa shekarar 1974, idan mutum ya yanke jiki ya faɗi a Ansel, gidan Novotny ake kira, wato masu sana'ar shirya gawa da jana'iza. Su ne suke da doguwar motar da mutum zai iya miƙewa a ciki. Sai su sauke furanni, su ɗora jar fitila a kan rufin, su zo. Ba wanda ya taɓa zarginsu da wani abu a fili, amma an lura ba su cika gaggawa ba. Da doka ta zo cewa dole motar ɗaukar marasa lafiya ta kasance da horarrun mutane da kayan aiki, tsoho Novotny ya ce shi ya haƙura, ai duk inda aka je aka dawo wurinsa za a ƙare. Majalisar gari ta duba, ta ga 'yan kwana-kwana suna zaune suna karta tsakanin gobara da gobara, sai ta ɗora musu aikin.

Saura abu ɗaya. Ɗan kwana-kwana ba shi da ikon tsira wa mutum allura ko zura masa bututun numfashi sai a ƙarƙashin lasisin wani likita, wanda zai sa hannu cewa shi ke lura da aikinsu. Shugabansu, Cif Chester Bilek, ya ɗauki takardar ya bi asibiti ƙofa ƙofa. Likitan zuciya ya ce ba shi da lokaci. Likitan tiyata ya ce ba zai ara wa masu riƙe mesar ruwa sunansa ba. Likitan yara bai ma bari ya zauna ba. Da benen ya ƙare ta sama, Bilek ya bi shi ta ƙasa.

Ya tarar da ita tana cin burodi da cuku a gefen teburin aiki. Ya tsaya daga bakin ƙofa, hula a hannu, yana ƙoƙarin kada idonsa ya kai kan abin da ke rufe da farin mayafi.

"Likita, sa hannu kawai muke nema. Daga yau ba za ki sake ganinmu ba."

Ta karanta takardar tun daga farko har ƙarshe, abin da shi kansa bai yi ba. "An ce a nan zan riƙa duba aikinku."

"Haka dai suke rubutawa."

"To ai sai in duba," in ji ta, ta sa hannu.

Bilek ya hau bene yana dariya, yana cewa ashe matar tana da barkwanci.

Ranar Litinin ta zo tashar da kanta ta ce a ba ta rahoton kowace fita. Aka kawo mata su a kwalin takalmi. Yawancinsu layi biyu ne: mun same shi a kwance, mun kai shi asibiti. Ta mayar musu duka, ta ce a rubuta ƙarfe nawa aka isa, me aka gani, me aka yi, wa ya yi. Suka rubuta abin da ya sawwaƙa, suna ganin ba ta da hanyar sanin sauran. Sun manta inda take aiki. Abin da rahoto ya ɓoye, gawa takan faɗa mata bayan kwana ɗaya: inda aka danna ƙirji ba daidai ba, jijiyar da allura ta kuskure, wuyan da aka ɗaga alhali a karye yake.

Sai ta sa musu darasi duk ranar Alhamis da la'asar, a can ƙasa. Ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda suke kutsawa gida yana ci da wuta, suka jeru jikin bango. A makon farko biyu sun sume, ta tsallake su ta ci gaba da bayani. Ta sa kowa ya riƙe zuciya a tafin hannunsa ya ji nauyinta, ta nuna musu hanyar iska da hanyar abinci a maƙogwaro, yadda suke manne da juna, da yadda bututu yake son bin wadda bai kamata ba. Tun daga lokacin suka laƙaba mata Goggon Firji, saboda firjin ajiye gawa da ke ofishinta. Ta san da sunan, ba ta taɓa nuna ta sani ba.

Abin da ya fara haɗa ta da mutanen gari shi ne jiniya. Ta shiga motar sau da yawa da agogo a hannu, ta gano cewa daga ƙarshen gari zuwa asibiti, duk ihun jiniya da keta jar danja minti ɗaya da rabi suke ragewa, wanda ke baya yana aiki a kan mara lafiya kuwa sai gwara kansa yake yi da bango. Ta kafa doka: ba jiniya sai ga wanda minti ɗaya da rabi zai iya kashe shi. Wanda zuciyarsa ta tsaya kuma, a yi masa aiki a nan inda ya faɗi, a daina ɗaukarsa ana gudu da shi kamar kayan sata.

Mutanen Ansel ba su ji daɗi ba. Wani ya rubuta wa jaridar gari cewa an ɗauki mahaifinsa shiru kamar buhun fulawa. Wata mata ta je har ofishin magajin gari ta yi kuka, ta ce mijinta ya kwana huɗu a asibiti maƙwabta ba su sani ba, ko kwanon miya ba wanda ya aiko. 'Yan kwana-kwanan ma abin ya ci musu rai, don da yawansu saboda jiniyar suka shiga aikin. Yawan waɗanda ake kaiwa asibiti da rai ya ƙaru shekara bayan shekara, aka ba Cif Bilek lambar yabo a babban birnin jiha, ya dawo ya rataye ta a ofis.

Kyaftin Ray Dombek shi ne abin alfaharin tashar. Shekarun baya ya shiga wani gida da ke ci da wuta a titin Canal ya fito da yara uku, biyu a hammata, ɗaya a kafaɗa. Hoton yana manne a shagon aski da mashayar da ke kallon ƙofar kamfani, kuma tun ranar bai sake sayen giya da kansa ba. Dogo ne mai faɗin ƙirji, mai dariya da ƙarfi, hannuwansa kamar shebur. Mutumin kirki ne kuma, wannan ba wanda ya musa, har ita Irma.

A cikin azumin Kirista na 1983 wani dattijo mai rera waƙa a coci ya faɗi a wurin cin kifin ranar Juma'a, a gaban mutum ɗari. Ray ne ya zo, ya durƙusa, ya zura bututu, ya yi ta fama har asibiti. Dattijon bai tashi ba. Kowa ya ce Ray ya yi iyakar ƙoƙarinsa, matar mamacin ma ta rungume shi a maƙabarta. Irma ce kaɗai ta san cewa bututun a hanyar abinci yake, duk iskar da aka yi ta hurawa cikin tumbi ta tafi. Kuma wannan ne karo na uku a shekara guda, duka a hannun Ray.

Ta kira shi shi kaɗai, ta rufe ƙofa, ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wataƙila bututun ya zame ne lokacin da ma'aikatan jinya suka juya mutumin. Ta ce yana yiwuwa, sau ɗaya. Ta nemi ya dawo darasin Alhamis na mako shida, ba sai kowa ya san dalili ba.

"Likita, shekara tara ina wannan aiki. Ni zan zauna da yaran da na koya wa ɗaura takalmi?"

"Kai kaɗai ma zan iya koya maka, Kyaftin."

"Ki koya wa mutanenki na cikin firji," ya ce, ya fita.

Washegari ta janye masa izini. Zai iya tuƙi, zai iya ɗauka, zai iya kashe duk wutar da ke Ansel, amma ba bututu, ba allura. Bilek ya tambaye ta dalili, ta ce tsakaninta da Ray ne. Magajin gari ya tambaya, ta ba shi amsa iri ɗaya. Ba ta so matar dattijon ta ji a bakin 'yan gulma yadda mijinta ya mutu, ba ta kuma so a sauke hoton nan daga shagon aski. Tunda ta ƙi ba da dalili, gari ya samo mata. Wasu suka ce hassada ce. Wasu suka ce mai zama da gawa ba ta san darajar mai rai ba. A mashaya aka tabbatar cewa ta taɓa nuna tana son Ray ya ƙi kula ta, har da wanda ya rantse yana wurin. Ray bai faɗi haka ba, bai kuma ƙaryata ba.

Majalisa ta zauna. Aka gode wa Dokta Sedlak bisa hidimar shekara tara, aka miƙa mata furanni, aka naɗa Dokta Pruitt a madadinta. Likitan ido ne, abokin wasan magajin gari, mutum mai fara'a da ba ya zuwa tasha sai da kwalin kek. A ranar farko ya mayar wa Ray izininsa, ya ce a ci gaba da jiniya, ya sa hannu a kan takardun rahoto guda ɗari tun ba a rubuta komai a kansu ba, don kada a riƙa wahalar nemansa. An so shi ƙwarai. A shekarar da ya yi ba a samu kuskure ko ɗaya a aikin tashar ba, jarida ma ta buga hakan a shafin farko. Irma ta karanta a ƙasan bene, ta ninke jaridar, ta koma kan aikinta. Abin da take gani tana rubuta shi a takardar kowane mamaci kamar yadda aikinta ya ce, ana sa takardun a durowa, ba mai buɗewa.

Wata Alhamis da la'asar, wajen wata bakwai da sallamarta, ta ji takun mutum mai nauyi a kan matakala. Ray ne, ba kayan aiki a jikinsa. Ya zauna a kujerar da ke bakin ƙofa ya yi ta juya hularsa. Da ƙyar maganar ta fito. Ranar Talata sun ɗauko wata mata mai 'ya'ya biyu da numfashinta ya sarƙe, ya sa mata bututu, suna isa asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta ga cikin matar yana kumbura, ta fizge bututun ta sake sa wani. Matar ta rayu. Ma'aikaciyar ba ta gaya wa kowa ba saboda shi Ray ne, mijin matar har ya kawo masa kwalbar giya gida.

"Na kasa buɗe kwalbar," in ji shi. Sannan ya ce, "Ki nuna mini, Likita. Amma don Allah kada kowa ya ji."

Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, ko da yake maganar ta zo mata har bakin leɓe. Ta miƙa masa safar hannu. Ashe tun farko yatsunsa ne suka yi kauri, yana danne harshen mutum ta yadda ba ya ganin ƙofar hanyar iska, sai ya tura da ƙarfi ya dogara ga sa'a. Mako goma sha ɗaya yana zuwa, yana ajiye motarsa a bayan ɗakin wanki kamar mai zuwa wurin farka. Gari kuwa yana ta murnar yadda jarumi ya yi nasara a kan Goggon Firji.

Mulkin Dokta Pruitt ya ƙare ne a wurin wata liyafa, inda wani lauya ya yi masa bayani cikin raha cewa duk allurar da ɗan kwana-kwana ya tsira a Ansel, a idon kotu hannun Pruitt ne ya tsira ta. Bai gama cin abincinsa ba. Ranar Litinin ya ajiye aiki saboda, in ji shi, yawan masu ciwon ido. Kwana goma sha tara motar tashar tana yawo ba abin da aka yarda ta yi amfani da shi sai bandeji da tukunyar iska. Bilek ya sake bin ƙofofin sama, ya sake jin abin da ya ji a da, sannan ya sauka wurin Irma. Ya zo da dogon jawabi da ya shirya, ba ta bari ya fara ba. Ta karɓi takardar ta sa hannu, ta ce ranar Litinin a tanadar mata rahotanni.

Da aka ga ta bar wa Ray izininsa, sai aka ce to, ta ji jiki, ta koyi darasi. Ta bar su a haka. Ray ya zama wanda ya fi kowa iya sa bututu a duk yankin, shi ke koya wa sababbi, kuma idan wani ya kira ta da sunan nan a gabansa sai ya tashi ya bar wurin. Bai taɓa ce mata ya gode ba. Duk kaka dai takan tarar da cinyar barewa a naɗe a bakin ƙofarta, ita da ba ta son naman daji. Hayaƙin shekara talatin ya cinye masa huhu, ya kwanta ciwon ajali a 1996. Da ta je duba shi ya kama hannunta ya ce ta yi masa alkawari ba za ta buɗe shi ba. Ta ce ba ta da bukata, ta riga ta san abin da ke ciki.

Yaƙinta na ƙarshe a kan tsofaffi ne. Ta gaji da ganin 'yan shekara casa'in waɗanda ciwo ya riga ya cinye, an kawo mata su da haƙarƙari a kakkarye saboda an yi ta danna su ana neman dawo da su, alhali sun sha gaya wa 'ya'yansu a bar su su tafi. Ta tsara wata takarda ruwan ɗorawa: wanda ba ya son a farfaɗo da shi ya sa hannu, likitansa ya sa, a manna a ƙofar firjin kicin inda duk wanda ya shigo zai gani. Ɗan kwana-kwanan da ya ga takardar ya janye hannunsa, ya zauna da iyalin. Shekara huɗu tana jayayya da limamin coci da lauyan majalisa da su kansu 'yan tashar, waɗanda suka ce ba a horar da su don su tsaya kallo ba. A ƙarshe aka amince. Ta yi ritaya a shekarar 2000, aka ba ta agogon bango. Sabuwar tashar da aka buɗe a shekarar aka sa mata sunan Chester Bilek. Ita kuwa tana komawa gida ta cike tata takardar, ta manna a tsakiyar ƙofar firji, ta cire kalanda da duk wani abin da zai iya kare ta.

Shekara tara bayan haka, wata Asabar da hantsi, maƙwabciyarta Dolores ta shigo mayar da tukunyar da ta ara. Suna tsaye a kicin Irma tana mata faɗa a kan ƙonon da ta bari a gindin tukunyar, sai ta dafa tebur, ta sulale ƙasa. Dolores ta buga waya tana ihu. Cikin minti huɗu mota ta iso, wadda ta fara shigowa kuwa Tess Dombek ce, 'yar Ray, wadda tana cikin rukunin ƙarshe da Irma ta koyar a ƙasan bene.

Tess ta ga takardar tun kafin ta ga matar. Abokin aikinta ma ya gani, ya nuna mata da haɓa. Ta tsaya kamar na numfashi biyu, sannan ta juya wa firjin baya ta durƙusa.

"Tess, ga takarda fa."

"Na gani. Miƙo mini jaka."

A nan kan daɓen kicin suka yi aikin, ba su ɗauke ta sun ruga da ita ba. Bututu ya shiga a karon farko. Sau biyu suka buga mata wutar na'ura a ƙirji, a minti na goma sha huɗu zuciyar ta kama.

Irma ta farka bayan kwana biyu da haƙarƙari huɗu a karye da maƙogwaro kamar an goge shi da yashi. Da ta gane inda take, ta gane kuma cewa ba lahira ba ce, sai ta yi alama a ba ta takarda da biro. Ma'aikaciyar jinya ta zaci sunan wani ɗan'uwa za ta rubuta. Abin da ta rubuta shi ne a kawo mata rahoton fitar. Aka kawo. Komai yana ciki, minti bayan minti, kuma a ƙasa Tess ta rubuta da hannunta: na ga takardar, sahihiya ce, ban bi ta ba.

Gari ya ɗauka. Jarida ta buga hoton Tess, ta ce 'yar jarumi ta ceci matar da ta taɓa wulaƙanta mahaifinta. Likitan da ke lura da tashar a lokacin, Dokta Menon, ya fara shirin ba ta lambar yabo. Sai ga takardar ƙorafi ta iso teburinsa, shafi uku, daga gadon asibiti. Ya je ya lallashi tsohuwar, ya ce ai abin ya zo da alheri. Ta tambaye shi ko ya karanta dokokin tashar da yake sa wa hannu. Dole ya kira zama.

A keken guragu aka turo ta, da matashi a rungume a ƙirji saboda tari. Ta ce wa kwamitin ta duba aikin da aka yi a kanta, ba ta samu aibi ko ɗaya ba, a shekara ashirin da shida ba ta ga wanda ya fi shi tsabta ba. Sannan ta ce a hukunta yarinyar. Yau an yi wa wadda ta tashi, kowa yana tafi. Gobe za a yi wa wani mai ciwon daji da ya roƙi a bar shi, saboda wanda ya zo ya san shi, yana son sa, sai ya farka a kan inji ya yi wata uku yana kallon rufi. Takardar an yi ta ne daidai saboda ranar da mai ceto yake ƙaunar wanda ke kwance.

Dokta Menon ya tambayi Tess ko tana da abin cewa. Ta miƙe, hannuwa a baya.

"Gaskiya ta faɗa. Na karya doka."

"In aka sake, za ki kuma?" Irma ce ta tambaya, ba shi ba.

"Ga wani, a'a. Gare ki, Goggo, ban sani ba."

Aka dakatar da Tess wata guda. Lambar yabon da aka riga aka buga sunanta a jiki ta zauna a durowar Dokta Menon.

Ranar da aka sallami Irma daga asibiti aka rasa mai kai ta gida, don ba ta da kowa, Dolores kuma da ƙyar take ɗaga tukunya balle mutum. Tess ce ba ta da aikin yi. Ta zo da motarta, ta ɗauke ta kamar jaririya ta shigar da ita, ta kwana a kujerar falo. Haka watan dakatarwar ya ƙare: tana juya ta, tana mata wanka, tana dafa miyar kabeji da tsiran alade, tsohuwar tana cewa gishiri ya yi yawa. Kullum sai sun yi faɗa. Irma ta ce an yi mata fashin mutuwa mai kyau, irin wadda ta gani sau dubu ta san ba kowa ke samu ba, a tsaye, a kicin ɗinta, tana cikin yi wa wani faɗa. Tess ta ce in tana so sai ta sake shigar da ƙara.

Shekara biyar ta ƙara a duniya. A cikinsu Tess ta kai ta bakin teku karo na farko a rayuwarta, ta zauna a mota da bargo a gwiwa ta yi awa biyu tana kallo, ta ce ruwa ne dai. Ta halarci auren Tess, ta riƙe jaririyarta ta farko, ta duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya ta ce sun cika. Ba ta taɓa cewa ta ji daɗin ƙarin kwanan ba. Ta cike sabuwar takarda, ta sa Tess ta sa hannu a gurbin shaida, ta tsaya a kanta har ta gama.

A wata bazara, ranar Laraba da yamma, suna zaune su uku a baranda da Dolores suna shan shayi, Irma ta ajiye kofinta, kanta ya karkata gefe. Tess ta taso ta dafa wuyanta da yatsa biyu. Dolores ta miƙe tana lalubar waya, tana tambaya ko a kira tasha. Tess ta girgiza kai, ta jawo kujerarta kusa, ta riƙe hannun tsohuwar. Ta duba agogo don ta san lokacin da za ta rubuta, ƙarfe huɗu da minti goma, sannan ta ce wa Dolores ta zauna.